Ƙofar da Take Tsallakewa

Matan coci kan ce Mama Tela ba ta da riƙo, ko ka taka ta ita za ta fara ba ka haƙuri. Shi ya sa Fada, limamin cocin, ya ɗora mata kai Jikin Kristi, wato tsattsarkar gurasa, gidajen marasa lafiya bayan sujadar Misa, cikin ɗan gwangwanin azurfa da take ratayawa a wuya. Ba su san shekara tara ke nan tana kwana da wuta a ciki ba.

Ƙanin mijinta, Direba, shi ya ɗauki 'yarta tilo a mota yana buge, suka yi hatsari. Shi ya fito da ƙujewa a gwiwa, yarinyar kuwa a lulluɓe aka kawo ta. Ko "yi haƙuri" bai taɓa furtawa ba.

Ana nan sai ga shi a takardar marasa lafiya: ɓarin jikinsa ya shanye.

Lahadi uku tana isa ƙofarsa, ta ji tarinsa, ta gyara ɗankwali ta wuce. "Na tarar yana barci, Fada." A ranta kuwa cewa take, in dai ta hannuna ne, sai dai ya mutu da yunwarsa. Daɗin abin har kunne, amma a shago allura sai karyewa take, addu'a kuma ta ƙi fita.

Lahadi ta huɗu Fada ya dube ta. "Mama, barcin Direban nan ya fi na kasa. Likita ya ce da wuya ya kai mako. Abin da ke wuyanki aike ne, ba naki ba."

Ɗakin Direba na warin man zafi, makullin motar na rataye a ƙusa. Ta tsaya a kansa.

"To, ga ni. Faɗi abin da nake jira."

Karkataccen bakinsa ya motsa, ya sake motsawa. Yawu kawai ya zubo, da hawaye. Maganar da ta tsare kanta shekara tara dominta ba za ta taɓa fitowa ba. Ta zauna bakin gado, ta ji ƙirjinta ya saki kamar an warware ɗinkin da ya matse.

Ta goge masa baki, ta gutsuro gurasar ɗan kaɗan yadda zai iya haɗiyewa.

"Jikin Kristi."

Ya lumshe ido. Ta kama hannun da ya shanye.

"Ƙanina, sau uku na zo ƙofar nan na wuce da gangan. Ka yafe mini."