Gwangwanayen Layin Inno

Ranar Talata ce a watan Satumba, gari ya waye da zafin nan na Jidda mai laima, wanda riga ke manne wa mutum a baya tun rana ba ta fito ba. Ko ganye ba ya motsi. Jabiru ya tsayar da dabbab ɗinsa, ƙaramar motar ɗaukar kaya, a bayan masallacin da matan ke jiransa kullum, sai ya tarar ana hayaniya.

Mata tara ne, duk 'yan unguwar Mahjar. Kowace tana da tsohon keken jarirai da take turawa, tana bin duromomin shara tana tsintar gwangwani da kwali da gorar roba. Shi yake kwashe musu ya kai sito a Khumra, inda ake saye. Aikin yana da doka tun kafin a haife shi: kowace mace da layinta. Wadda ta sa hannu a durom ɗin wata, ba a zaginta, ba a dukanta, sai dai a hana kayanta hawa mota. Kayan da bai je Khumra ba kuwa shara ne.

Keken kakarsa Inno wayam yake, kwana na uku ke nan. Layinta shi ne mafi albarka, titin shagunan abinci da ke bayan wata jami'a mai zaman kanta. Shekara ashirin da biyu tana riƙe da shi.

"Dubi kekenta!" in ji Inno, tana nuna Uwani da baki. "Har yana nishi. Ni ko murfin kwalba ban gani ba."

Uwani ce ke da layin da ke maƙwabtaka. Aikin Umara ta zo yi shekara huɗu da suka wuce ta zauna, tana aika wa 'ya'yanta uku abin abinci a Tasawa. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da kowa a garin sai wannan keke.

"Inno, wallahi biki aka yi a layina. Ki tambayi mai shagon kaji."

"Mai shagon kaji ɗan'uwanki ne da zan tambaye shi? Juma'a bayan la'asar za mu zauna. Halas, magana ta ƙare."

Jabiru ya san ma'anar zaman. In aka yanke, shi ne zai dubi Uwani ranar Asabar ya ce kayanta ba za su hau ba. Yana ɗora buhuna yana satar kallonta. Ba ta yi kama da mai laifi ba, ta yi kama da wadda ba ta san inda za ta nufa ba.

"Inno, ki bari in bincika."

"Angona ya zama ɗan sanda," in ji ta. "Bincika. Amma ka fara gano mai sace mini shayi a fulas."

Washegari da la'asar ya ajiye dabbab a bakin layin, ya sayi ruwa mai sanyi ya zauna. Bai daɗe ba sai ga wata farar mota. Samari da 'yan mata shida suka fito, da korayen riguna a kan kayansu da safar hannu. Ba duromomin kawai suka bi ba. Shago-shago suke shiga, masu shagon na miƙo musu ledoji cike da gwangwani da aka ware musu tun safe. Ta ƙarshe da ta fito daga shagon lemo, rungume da leda biyu, ƙanwarsa ce Ikilima.

Ita ce ta yi karatu a gidansu. Shi a aji biyu na sakandare ya ajiye, ita kuwa ta ci gaba har jami'ar ta ɗauke ta kyauta saboda ƙoƙari. Tana ganinsa ta tsaya cak.

"Yaya? Esh kake yi a nan?"

"Ke zan tambaya."

Ta ja shi gefe, tana bayani da sauri, rabi Hausa rabi Larabci. Ƙungiyarsu ta ɗalibai ta rubuta wa masu kula da waƙafin jami'a takarda, suna roƙon a janye jarin makaranta daga kamfanonin mai a zuba a wutar sola. Wata bakwai suna bin ofis-ofis cikin ladabi kafin a ba su minti goma sha biyar ranar Lahadi. Suna gina babbar siffar rana da gwangwani a zauren taro, faɗinta ya kai mita huɗu, don manyan su shigo su gani da ido.

"Ka manta ruwan da ya ci ɗakinmu? Ka manta Inno ta faɗi a titi bara saboda zafi? Don ita nake yi, Yaya."

"Don ita. Kin san layin wa kike tsaye a kai?"

Ta dube shi, ta dubi duromomin. Ta san aikin kakarta, amma ba ta taɓa tambayar inda ake yinsa ba. Inno na fita kafin asuba, ta dawo ta yi wanka kafin Ikilima ta gama shiri. Ledojin suka sauka ƙasa a hankali.

Wani dogon saurayi cikin 'yan ƙungiyar ya matso, ya tambaya da Larabci ko lafiya. Ta ce wannan shugabansu ne, sunansa Turki, wannan kuma yayanta. Ba ta ƙara komai ba.

Da saurayin ya koma, Jabiru ya gaya mata zancen Uwani.

"Ka bari har Lahadi," in ji ta. "Bayan taro sai mu mayar da komai."

"Zaman Juma'a ne."

"To ka faɗa musu kai. Ka ce wasu ɗalibai ne."

"Inno za ta ce ina kare Uwani ne. Sai ta ga mutum, ta ga kaya." Ya dubi 'yan ƙungiyar. "Abokan naki sun san me kakarki take yi?"

Ta sunkuya ta ɗauki ledojinta. Ya shiga mota ya tafi, ransa na tafasa, don shi ma bai tabbata me zai yi ranar Asabar ba.

Juma'a bayan la'asar matan suka hallara a lungun gidan Inno, an shimfiɗa tabarma. Uwani na can gefe riƙe da kekenta, kamar za a ƙwace. Inno ta gyara murya za ta fara, sai ga farar mota ta kunno kai, wani Balarabe cikin farar jallabiya yana tuƙi.

"Baladiya!" wata ta yi ihu, wato ma'aikatan hukumar gari.

Kafin Jabiru ya buɗe baki lungu ya watse. Wata ta faɗa gidan da ba nata ba. Uwani ta finciki keke ta yi kwana, taya ta faɗa rami ta karye. Inno kaɗai ta rage a zaune, don ita takardunta lafiya, gwiwarta ce ba lafiya.

Ikilima ce ta fito daga bayan motar. Turki, wanda ya tuƙo motar, ya buɗe but, buhunan gwangwani har sama, yana ta ba da haƙuri bai san laifin da ya yi ba. Sai da Jabiru ya bi gida-gida kafin matan su dawo, ɗaya bayan ɗaya.

Ikilima ta durƙusa gaban tabarma. Hausarta ta ƙi zama a bakinta.

"Inno, mu ne. Ni da su. Ba Goggo Uwani ba. Ma'alesh, ki yi haƙuri, ban sani ba layinki ne." Ta juya ta ce wa Turki da Larabci, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Wannan kakata ce. Aikinta ke nan. Da shi aka saya mini littafi na farko."

Turki ya sunkuya ya sumbaci kan Inno, ya kira ta Hala, wato goggo. Inno ta ture shi da hannu.

"Yalla, matsa, ka kore mini mata." Sannan ta kira Uwani, ta kama hannunta a gaban kowa. "Na ɗora miki abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini. Taya kuma angona zai gyara."

Uwani ta sa gefen mayafi a ido. "Ai da na san 'yan boko ne ɓarayin, da na yi barci."

Aka yi dariya. Inno ta sa aka sauko da buhu ɗaya, ta zura hannu ta fito da gwangwanin tumatir.

"Wannan ƙarfe ne, kun haɗa da na lemo. Kuma ba ku zubar da sauran ruwan ba, tururuwa za ta cinye muku ranar. Wai me za ku yi da su ne?"

Ikilima ta sake bayani, a hankali wannan karon. Inno ba ta gane zancen jari ba, amma ta gane zancen zafi. Ta ce da can tana iya aiki har hantsi, yanzu ƙarfe takwas ƙarfen durom ba ya taɓuwa.

"Saura nawa ku gama?"

"Kamar kwata."

Inno ta dubi matan, suka dube ta. "Aro ne," in ji ta. "Litinin su dawo, ku kai su Khumra da kanku. Kuma ba hoto, ba sunan kowa." Uwani ce ta fara juye nata gwangwanin a but, don a cike kwatan.

Ranar Lahadi manyan suka shigo suka tsaya gaban ranar, minti goma sha biyar ya zama arba'in. Ba su janye jarin ba. Sun dai kafa kwamitin duba shi, da ɗalibai biyu a ciki, suka kuma amince a rufe wurin ajiye motoci da faifan sola. Ikilima ta dawo tana fushi, ta ce kaɗan ne. Da yamma kuma ta zauna tana rubuta takarda ta gaba. Ɗaliban suka ci gaba da ware gwangwanin makaranta, Jabiru na ɗauka duk Alhamis, a raba wa matan tara.

Abin da aka rasa dai: tsintuwar kwana shida a layin Inno, tayar keke ɗaya, buhu biyu na gwangwani da suka lalace da gam, takalmi ƙafa ɗaya da ba a gano ba tun gudun Juma'a, da ɗalibai biyu da suka bar ƙungiya don ba za su je Khumra ba.