Layi na Uku a Allon Shugabanni

Da aka gama ginin sabon zauren taro, kwamiti ya yanke shawarar a rubuta sunayen duk waɗanda suka taɓa shugabantar majalisar garin a kan allo, a rataye a bango. Mai fenti ɗaya ne a garin, don haka shi aka kira. Rabin rayuwarsa ya tafi wajen rubuta sunayen shaguna da lambobin motocin haya, bai taɓa shiga jam'iyya ba, bai kuma yi niyya ba. Sakataren kwamiti ya kawo masa takarda mai sunaye bakwai da shekarun kowa, ya ce ai aikin kwana biyu ne.

Kafinta ya kawo allon, Mai Fenti ya shafe shi da kore, ya ja layuka da alli. Na farko da na biyu sun tafi lafiya, masu sunan sun daɗe da rasuwa. A layi na uku ne ya ajiye burushi ya dafe kai, don sunan surukinsa ne a takardar, tsohon telan bakin kasuwa.

Kowa a garin ya san labarin zaɓe na uku, shekara talatin da ɗaya ke nan. Tela ya tsaya, kawun Mai Fenti, mai injin niƙa, shi ma ya tsaya. Aka ƙirga, Kawu ya ci da ƙuri'a tara, aka sanar. Sai dai akwatin unguwar tsallake bai iso ba a ranar, rafi ya cika, da aka ƙetaro da shi washegari jami'in zaɓe ya ƙi buɗewa. Tela ya kai ƙara. Kawu ya yi wata biyar a kujera kafin kotu ta dakatar da shi, aka yi ta ɗage zama, da aka buɗe akwatin daga baya Tela ya haye da ƙuri'a huɗu. Tun daga nan mutanen biyu ba su sake gaisawa ba.

Fentin bai bushe ba Kawu ya iso shagon yana dogara sanda. Ya zauna a benci, ya sa tabarau, ya karanta allon daga sama har ƙasa, ya sake karantawa.

"Ɗan ƙanwata, ni na mutu ne ban sani ba?"

Mai Fenti ya ce shi abin da aka ba shi ya rubuta. Kawu ya ce an rantsar da shi a gaban jama'a, hoton na nan a ɗakinsa, kuma ranar da aka haifi Mai Fenti shi ya fara ɗaukarsa. Bai tashi daga bencin ba sai da ya ga an goge layin an matsa sunansa a saman na Tela.

Washegari matar Mai Fenti ta biyo ta shagon a hanyarta ta asibiti. Ta tsaya a ƙofa ta dubi allon, ta wuce. A gida ne ta yi masa bayani, tana ninke kaya ba ta ko kallonsa: kotu ta soke zaɓen, abin da aka soke kuwa ba a yi shi ba, yanzu kuma da tsufan mahaifinta za a ɗora masa wani a ka, da hannun mijin 'yarsa. Kafin la'asar yayyenta biyu sun zo sun cika masa shago da bayanin shari'a, ɗayansu har da kwafin hukunci da ya yi ja don tsufa.

Mai Fenti ya sake gogewa, ya bar sunan Tela kaɗai. Kawu ya ji, ya aiko masa cewa kada ya ƙara taka ƙofar gidansa. Mai Fenti ya nemi Sakatare, wayarsa a kashe. Ya je wurin shugaba mai ci, shi kuwa ya saurare shi da murmushi, ya ce a yi duk abin da zai kawo zaman lafiya, sannan ya tambaya ko za a iya yin nasa sunan da ruwan zinariya. Mai Fenti ya fito yana magana shi kaɗai a kan titi. Wurin layi na uku ya sha kore har ya yi tudu.

Kafinta ne ya ce ya je ya ga Malama, tsohuwar malamar firamare, ita ce ke rubuta bayanin zaman majalisa a wancan lokacin. Ya same ta a tsakar gida tana ba kaji hatsi. Ta ji ƙorafinsa har ƙarshe, ta shiga ɗaki ta fito da wani littafi mai baƙin bango, ta ce ya duba sa hannun da ke ƙasan kowane shafi. Wata biyar na Kawu ne. Daga nan sai wani hannu daban, ƙanana-ƙananan haruffa, shafi bayan shafi har wata goma sha huɗu, kafin na Tela ya fara.

"Ungozoma ce," in ji Malama. "Ita ce mataimakiyar shugaba. Su suna kotu, ita tana ofis. Rijiyar kasuwa da rufin aji biyu na firamare duk a hannunta aka yi. Ta rasu, 'ya'yanta sun bar gari, shi ya sa ba wanda ya zo ya zauna maka a benci."

Mai Fenti ya tuna ta, wata gajeriyar mata mai jakar fata, da sauri take tafiya kullum. Shekara da shekaru yana ɗiban ruwan wanke burushi a rijiyar nan, kuma ya sha jin Kawu da surukinsa kowa na cewa shi ya haƙa ta. Ransa ya ƙara ɓaci, bai ma san da wa zai fara ba.

Ya koma ya kulle kansa a shago. Ya kankare tudun da takardar yashi, ya raba layin gida uku daidai da ma'auni, ya rubuta Kawu, Ungozoma, Tela, kowa da watanninsa a gefe. Na shugaba mai ci kuma da farin fenti, kamar na kowa. Ya lulluɓe allon da zane, ya ɗaure da igiya, duk wanda ya tambaya sai ya ce fenti ne bai bushe ba.

Ranar buɗe zaure aka zaunar da Kawu a wannan gefe, Tela a wancan. Shugaba ya yi jawabi mai tsawo, ya ja zanen. Aka yi tafi, sannan tafin ya ragu yayin da mutane ke karantawa. Kawu ya buga sanda a ƙasa, wai an rubuta "wata biyar" ƙiri-ƙiri don a tozarta shi. Tela ya ce shi da kotu ta tabbatar shi ne na ƙarshe a layi, bayan mace kuma. Shugaba bai sake kallon inda Mai Fenti yake ba.

Da aka watse, Mai Fenti ya zo ɗaukar tsaninsa sai ya hango tsofaffin biyu a baranda, a kan benci ɗaya, kawunansu a haɗe. Ya ji Kawu na cewa tun yana yaro haka Mai Fenti yake, ba ya jin magana, surukin kuma na cewa shi dama tun farko bai so haɗin auren ba. Ya saɓa tsaninsa ya bi ta ƙofar baya.

Kwamiti ya zauna sau uku a kan gyaran allon, kowane zama aka tashi baram-baram, don haka yana nan a bango yadda yake. Matar Mai Fenti ta yi mako biyu ba ta ce masa komai sai abin da ya zama dole. Da zaɓe ya matso, 'yan takara uku suka zo neman ya rubuta musu suna a katangu. Ya ce musu shi yanzu shaguna da motoci kawai yake yi, ya ci gaba da zana lamba a ƙofar wata tsohuwar bas.