Albasar Wilf

…kuma har yanzu ba su buɗe tantin ba. Alƙalan gasar kayan lambu a ciki, mutanen ƙauye a waje cikin yayyafi, kamar kowace shekara. Shayin da ke hannun Enid ya huce tuntuni. Albasa uku ne fa. Uku, girmansu ɗaya, wuya a ɗaure da zare, a zaune kan farantin yashi. Me ake daɗewa ana kallo?

Mijinta ne ya shuka su. Washegarin Kirsimeti, yadda ubansa yake yi. Hannun Wilf na rawa, iri na zuba ƙasa, tana tsincewa. Kafin ganye ya fito ya fara kiranta da sunan uwarsa. Kafin a dasa su a lambu an kai shi gidan kula da tsofaffi, yana tambayar ina takalminsa…

Sai ita. Ita da ko sau ɗaya bai taɓa bari ta riƙe butar ban ruwa ba! «Ki tsaya kan furanninki, mata, wannan ba wasan yara ba ne.» Tun suna amare yake bin kofin gasar nan. Na biyu, na uku, na biyu. Ya dawo gida ya zauna, abinci ya sandare a gabansa.

Me ta sani? Ruwa in ta tuna. Taki ko sau ɗaya ba ta ƙara ba, tana hanyar zuwa duba shi. Ta dai cire su da wuri, ta jera a ɗakin baƙi, ta shafe su da hodar jarirai don ɓawon ya yi kyau, don haka ta ga yana yi. Abu ɗaya take so: sunansa a jikin kofin. Ta kai masa, ta ɗora masa a cinya — wa ya sani, ko idanun nan su dawo.

«Sunanki za ki sa, ƙawata,» in ji Mavis ta kwamitin gasar da safen nan. «Wanda ya yi rainon abu shi ke shiga gasa. Ai Wilf ɗin ne ya kafe sai da aka sa dokar.»

Shi ne kuwa. Har da bugun tebur.

An ɗaga labulen tanti. Turereniya, warin jiƙaƙƙiyar ciyawa da na ganyen seleri. Jajayen furanni, kabeji, kwalaben zuma… ƙafafunta sun san hanya. Ga farantin. Ga kati a jingine.

Ja ne. Na ɗaya.

«Kai, Enid!» Norman Pringle ne, wanda ya yi ta kayar da Wilf shekara da shekaru, yana dariya har da tari. «Ashe da ke ya bar wa lambun da tuni an wuce wurin! Dama na sha faɗa masa, taki yake cika musu.»

Tana murmushi. Me ya sa take murmushi? Kunya ta kama ta, da wani daɗi mara mutunci a ƙarƙashin kunyar.

Gobe ranar ziyara. In ya tashi a ruɗe, zai juya kofin ya tambaya ko na shan miya ne. In kuma ya tashi garau — yana yi wani lokaci — zai sa tabarau. Zai karanta sunan, ya ga nata ne. Zai gane.

Ya Ubangiji… wanne take roƙo? Tun da aka kai shi take addu'a ya gane ta. Ga ta a tsaye, kati yana jiƙewa a hannunta, bakinta na motsi: kada ya tashi garau gobe. Kada dai gobe.