Tari a Bayan Katanga

Alhaji Sabiru ne ya fara gano cewa abin da ya hana Zamfara ci gaba shi ne rashin jirgin ruwan shaƙatawa. Ya sayo tsohon jirgi mai ɗaki daga Yawuri, tirela ta sauke masa shi a tsakar gidansa a Tudun Wada, inda ruwa mafi kusa shi ne na randa. Ya ce da zarar an gyara katakon ciki, sai madatsar ruwan Gusau, manyan baƙi su shiga su ga ikon Allah.

Aikin shafa wa katakon banish, man da ke sa shi sheƙi, ya faɗa wa maƙwabcinsa, Umaru kafinta, mai ciwon ƙirji. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, don haka matar Umaru, Ladidi, tana jin komai daga madafarta.

"Alhaji, a buɗe tagogin nan," ta ji muryar Umaru. "Banish wanga sai an sirka shi da ruwan tina ya tsinke, in ba haka ba buroshi ba ya tafiya. Warin kuwa yana hawa kai."

"Damina ce, Malam Umaru. Ka buɗe taga, ƙwari su manne a katako? Haka za a nuna wa baƙi, kamar an soya fara? A Dubai ka taɓa jin an buɗe taga?"

Umaru kuwa bai taɓa wuce Tsafe ba. Aka rufe tagogi, aka kuma lulluɓe jirgin da tamfol saboda idon mahassada.

Da yamma ya dawo idanunsa jajir.

"Malam, ka bar aikin ga," in ji Ladidi. "Ko tuwon naka warin fenti yake."

"Shafa ta ƙarshe ta rage. Ke da kin ga yadda katakon ke sheƙi, sai ki ɗaura ɗankwali a gabansa."

"Ni ban son madubin da zai cinye min miji."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Tarin nan ta daɗe tana roƙon Allah ya raba shi da shi. Washegari tana tankaɗe tana jinsa daga ƙarƙashin tamfol, ƙasa-ƙasa. Can bayan azahar ya tsaya. Har ta ce alhamdulillahi. Ta gama tankaɗen, ta ɗora ruwa, sannan shirun ya fara yi mata nauyi. Ta ja mayafi ta shiga wajen Hajiya, matar Alhaji.

Masu gadi ne suka fito da Umaru. Sun same shi kwance a gefen gwangwanin tina, kumatunsa manne da katakon da bai bushe ba.

Alhaji ya zo gaisuwa da buhun shinkafa. Daga zaure ya aiko a faɗa mata cewa marigayi ya tafi ne a kan hidimar jiha, kuma kwana ya ƙare ne kawai.

Bayan sadakar bakwai Ladidi ta jiƙa rigar aikinsa, wadda banish ya sandarar kamar busasshiyar fata. Tana cuɗawa ta ji an fara goge katako da samfefa a bayan katanga: wani kafinta ne aka ɗauko daga Bungudu ya share wurin da fuskar Umaru ta ɓata. Jim kaɗan gugar ta tsaya, mutumin ya yi tari.

Ladidi ta ɗaga kai, hannuwanta cikin ruwan. Sai ta mayar da idonta kan rigar.