Ƙofofin Gangar Injin Wanki

Shekara uku ke nan Otilia tana jinyar mahaifiyarta a hawa na huɗu na wani tsohon bene a birnin Braila, tun da ɓarin jikin tsohuwar ya shanye. Kullum zanen gado biyu take wankewa, wata rana uku. Injin wankinsu siriri ne mai buɗewa ta sama, an cusa shi tsakanin bahon wanka da bango.

Yayarta Zamfira ta zo hutun mako guda daga Italiya, inda take aikin kula da wata tsohuwa. Washegarin zuwanta ta ɗauki zanen da aka sauke daga igiyar baranda, ta kai hanci.

"Oti, wannan wankakke ne?"

"Jiya na wanke shi."

"To warin tsohuwar rijiya yake yi. Yaushe rabonki da wanke injin?"

"Ki tambaye ni yaushe rabona da wanke kaina."

Zamfira ta naɗe hannun riga. Ta ɓalle mazubin sabulu daga cikin murfi, sai ga shi ya yi baƙi da fumfuna. Ta dirje shi da tsohon buroshin haƙori. Ta durƙusa, ta tara faranti, ta kwance matacin da ke ƙasa. Ruwa mai ɗoyi ya tsiyayo, da curin gashi da maɓallai biyu. Daga nan ta juye kwalbar ruwan kal a gangar injin, ta kunna injin babu kaya, a kan ruwa mafi zafi.

"Duk wata ake yin haka," in ji ta. "Kuma a bar murfin a buɗe ya sha iska. A gidan da nake aiki ba a fashi."

"A gidan da kike aiki ana ba ki hutun Lahadi, Yaya."

Zamfira ta ɗauki farantin, ta zubar da ruwan ɗoyin.

Bayan sun ci tuwon masara da cuku, Mama ta sake jiƙa shimfiɗa. Zamfira ta ce Otilia ta je ta kwanta, ita za ta yi komai. Ta canza wa tsohuwar kaya, ta cusa zannuwan a ganga. Gangar tana da ƙananan ƙofofi biyu na ƙarfe waɗanda ake maƙalawa kafin a rufe babban murfi. Tana cikin haɗa su Mama ta kira daga ɗaki, sai ta danna murfin, ta kunna, ta tafi.

Ƙarar ƙarfe ce ta tashi Otilia, ko minti goma ba ta yi da kwanciya ba. Ta zo ta zare wayar wuta, ta ɗaga murfin. Gangar ta juya da ƙofofinta a buɗe, sun tokare a ciki, ba gaba ba baya.

"Ba ki maƙala ƙofofin ba."

"Na zaci sun kama."

"Ni ma na taɓa zato, shekarar farko. Miƙo sukudireba, tana kan taga."

Suka jawo injin tsakiyar banɗaki, Otilia ta kwance gefensa. Ta lanƙwasa wata waya, ta zura, ta laluba har ta kamo ƙofofin, Zamfira kuma tana juya gangar a hankali da hannu. Kusan awa biyu suka yi a tsugune. Da bakin gangar ya dawo sama, sai suka tarar ƙofa ɗaya ta lotse, zane ɗaya ya yage. Da suka kira mai gyara a waya, ya ce sai Talata zai samo sabuwar ƙofa. Ranar kuwa Asabar ce.

Zamfira ta ce ita ta ɓata, ita za ta wanke. Kwana uku tana sunkuye a kan baho tana cuɗa zannuwa. Ran Litinin ta kasa matse na biyu, ta zauna a bakin bahon tana dafe da ƙugu. Otilia ta kama ɗaya bakin zanen, suka murɗa tare.

"Tsohuwar da nake wa aiki ba ta san sunana ba," in ji Zamfira. "Shekara shida, da sunan wadda na gada take kirana."

"Mama ma da sunanki take kirana."

Zamfira ta dube ta. "Tun yaushe?"

"Tun bara. Ina amsawa. Ya fi sauƙi."

Suka kai zanen baranda suka shanya. Da yamma Zamfira ta buga waya Italiya, ta yi ta magiya da yaren mutanen can har aka ƙara mata kwana huɗu.

Ran Talata mai gyara ya zo ya sa sabuwar ƙofa. Zamfira ta miƙa wa ƙanwarta rigar sanyi, ta ce ta fita, kada ta dawo sai la'asar. Otilia ta sauka ta tsaya a ƙofar bene, ta rasa inda za ta nufa. Can ta taka zuwa bakin kogi, ta sami benci a rana ta zauna. Wani jirgin dakon hatsi yana wucewa, ta ce bari ta bi shi da kallo har ya sha kwanar kogin. Bai kai kwanar ba barci ya ɗauke ta.