Tiyo a Ƙarƙashin Murhu

Shekarar da aka karya darajar sefa, komai ya yi tsada a Maraɗi, har mai ƙuli-ƙuli sai ta ce maka sefa ce ta faɗi. A wannan shekarar ce Ilyasu, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda albashinsa ke zuwa sai ya ga dama, ya ƙudura sai ya ja wa surukarsa Atika ruwan pampo har cikin gidanta a Tsibiri.

Dalilinsa a fili yake. Matarsa Tahira na ɗauke da cikin fari, kuma gida za ta koma ta haihu, ta yi wankan jego a hannun uwarta. Wankan jego kuwa ruwa yake ci safe da yamma, ga Atika ba miji, ga ciwon gwiwa. Tiyon ƙarfe ya fi ƙarfin Ilyasu, don haka ya nemi na roba. Yajin aiki ya rufe lakwal, shi kuma ya hau babur ɗinsa yana kabu-kabu har ya haɗa abin saye.

Da labari ya iske Atika, a gidan biki ya iske ta, cikin mata, kuma bakinta ya riga hankalinta.

"Roba? Wadda ake buta da ita?"

Aka yi dariya. Maƙwabciyarta Zuliha, wadda magana ba ta kwana a cikinta, tana wurin. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa Maraɗi, inda Ilyasu yake zaune, kuma Atika ta san ta isa. Abin ya tsaya mata a rai, amma ina hanyar gyara? Tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa haɗa ido da Ilyasu ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya zo gaisuwa daga nesa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa daga bayan asabari. Ranar da ya zo da mai gyaran pampo ma, da sassafe ta ɗauki mayafinta ta tafi Jiratawa wajen ƙanenta Gado, don kada su yi ta karo a tsakar gida. Da ta dawo sai ta tarar da kan pampo a jikin katanga, an mayar da yashi an share, ba ko alamar inda aka haƙa.

Ta buɗe, ta tara hannu, ta sha. Ruwa garau, ba ɗanɗanon tsatsa. Na Zuliha, mai tiyon ƙarfen da ake taƙama da shi, da safe ja yake fitowa sai an bar shi ya zuba. Atika ta so pampon nan ƙwarai, sai dai ba ta faɗa wa kowa ba.

Tahira ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Atika ta zaɓi gindin bedi, wato dogon-yaro, inda iska ba ta kai hayaƙi ɗakin mai jego, ta haƙa rami, ta dasa duwatsun murhu, ta ɗora rabin tano, wato duron ƙarfe, na dafa ruwan wanka. Kullum wuta na ci a wurin, ta asuba daban ta la'asar daban. Ana cikin haka aka ɗauke ruwan gari, kamar yadda aka saba a shekarun nan. Ita dai ta cika randunanta, ta ci gaba da hura wutarta.

Ranar da ruwa ya dawo, da hantsi, sai ƙasar murhun ta yi wani huci. Tururi ya tashi, toka ta turnuƙe, wuta ta mutu murus, ruwa ya fara bulbulowa daga tsakanin duwatsu. Atika ta ruga ta rufe ruwan daga wajen mita, ta dawo ta tona da hannunta. Ga shi nan: tiyon Ilyasu, ya yi baƙi, ya lotsa, ya tsage. Da ba ruwa a cikinsa wuta ta gasa shi, da ruwan ya dawo da ƙarfi ya fasa.

Ta zauna daɓas a cikin taɓo. Ba ruwan ne ya dame ta ba, rijiya tana nan. Wa zai yarda ba da gangan ta yi ba? Matar da ta yi wa kyauta dariya a gidan biki, ita ce kuma ta ɗora wuta a kanta.

Tahira ta leƙo da jaririya a hannu, ta gani, ta sunkuyar da kai.

"Inna, an ce in gaya miki kada a hura wuta ta nan."

"Wa ya ce?"

Tahira ta juya ta koma ɗaki. Ina yarinya mai haihuwar fari za ta kawo maganar miji gaban uwarta? Haka gargaɗin ya mutu tsakanin mutum uku masu kunya.

Washegari Juma'a, kuma bayan masallaci Ilyasu ke zuwa ganin 'yarsa. Atika ta ba wani ɗan kabu-kabu saƙo zuwa Jiratawa. Gado manomin rani ne, rabin rayuwarsa a cikin tiyo da ruwa take. Da safe sai ga shi da guntun tiyo a kafaɗa da zarto a aljihu, yana dariya tun daga zaure.

"Yaya, an ce kin dahwa tiyo. Da yaji za a ci ko da miya?"

"Gado, bar wasa. In yaron nan ya gani, ina zan sa kaina?"

Ya yanke inda ya ƙone, ya gwada guntun da ya kawo, sannan ya ce ta hura masa wuta.

"Wuta kuma?"

"Awo. Ita ta ɓata, ita ka gyarawa."

Ya riƙa juya bakin guntun a saman garwashi har ya yi laushi, ya tura wani a ciki ya buɗa shi, ya shafa kol, wato ɗankon da ake liƙa tiyo da shi, ya haɗa. Yana yi yana magana: da ƙarfe ne, da wutarta ba ta yi masa komai ba, amma ranar da tsatsa ta huda ƙarfe, sai an ɗauko mai inji daga Maraɗi. Roba abu uku take tsoro, wuta da rana da bakin fartanya. In an kiyaye mata su, jikar nan ma sai ta sha daga cikinta.

Ba su kai ga mayar da ƙasa ba suka ji babur ya tsaya a ƙofa. Ilyasu ya yi sammako, wai a Tsibiri zai yi Juma'a. Atika ta faɗa ɗaki, ta saki asabari. Ta cikin ramukan asabarin ta ga ya yi sallama, ya tsaya, ya dubi ramin, ya dubi ƙonannen guntun da ke yashe a gefe. Ya daɗe yana dubansa. Sai ya durƙusa inda ya saba durƙusawa.

"Kawu, laihina ne," ya ce wa Gado, amma da muryar da za ta kai ɗaki. "Na ga bedin nan, na san nan ya dace da murhu. Nauyi na ji in ce ma Inna ga inda za ta hura wuta cikin gidanta."

Bai jira amsa ba. Ya naɗe hannun farar rigarsa ta Juma'a, ya rungumi dutsen murhu mai baƙin hayaƙi, ya nufi ɗaya kusurwar gidan da shi.

Atika ta ji hawaye ya zo mata. Godiya ta cika ta har kunyar ta rasa wurin zama. Ta ɗaga asabarin, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kuma ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga, don ta san Zuliha na can ta kasa kunne, kuma abin da ya shiga kunnen Zuliha sai ya kai Maraɗi.

"Duk Tsibiri ba ruwan da ya kai na gidan ga daɗi," ta ce. "Allah shi yi maka albarka, ɗana."

Ilyasu ya tsaya cak da dutse a ƙirji, ya rasa inda zai duba. Ya ce amin a hankali, yana kallon ƙasa.