Duwatsu Masu Jar Lamba

Shekara huɗu Najiba tana rarrafe a jikin wani ɗan tudun dutse a bayan ƙauyen kawunta, can wajen Tajaye, har gwiwoyinta suka yi kanta. Ilimin duwatsu take karantawa a jami'a a Yamai. An koya mata yadda ake raba zamunan duniya da haƙoran wata halittar ruwa da ake kira konodon, ƙanana kamar tsakin gero: shimfiɗar dutsen da sabon haƙori ya fara bayyana a cikinta, nan sabon zamani ya soma. Duwatsun ƙasarmu ba su kai haƙoran nan tsufa ba, sai ta koma bin ɓawon ƙananan halittun tekun da ya taɓa rufe yankin. Aikin dai ɗaya ne, kuma duk ya rataya a kan sanin wane dutse ne a sama, wanne ne a ƙasa.

Kowace shimfiɗa ta shafa mata lamba da jan fenti. Tsakanin ta talatin da ɗaya da ta talatin da biyu ta sami iyakar da take nema. Saura malamai biyu su zo su gani da idonsu, su sa hannu, baiwar Allah ta huta. Jami'a kuwa ta riga ta ce bana ce shekararta ta ƙarshe.

Ana saura kwana uku malaman su iso, ta sauka a Malbaza, ta hau kabu-kabu, ta zarce wurin. Babu tudu. An bi shi da diga an farfashe, sai tsakuwa da sawun amalanken jaki.

Ko kuka ba ta yi ba, gajiya ta hana. Ta bi sawun har gonar kawunta Maikano, wadda shekara da shekaru ruwa ke kwashe mata ƙasa. Ga duwatsun nan an jera layi-layi don tare ruwan, ga jar lamba tana leƙowa, lamba bakwai a gefen lamba arba'in, wata ma a kife.

Maikano ya ajiye hauya ya taho da fara'arsa.

"Ɗiyata, sannu da hanya. Kin ga aikin gayya da munka yi? Masu lambarki sun hi kyau, da ka buga sai su tsage daidai."

Ta yi masa bayani a hankali, muryarta ƙasa-ƙasa. Fara'ar tsohon ta gushe.

"Wallahi mun zaci kin gama da su, shi ya sa kinka sa musu shaida. In kin ce a kwashe, yau ɗin ga za a kwashe. Ni na fasa su, na san wanda ke bisa wani."

Ta san ya sani ɗin. Ta kuma san babu malamin da zai sa hannu a kan abin da Kawu ya tuna.

Ta tsuguna ta ɗaga mai lamba talatin da biyu. Ƙarƙashinsa ƙasa jiƙe take sharkaf, ga gero ya tsiro a gefe, a wurin da tun tana yarinya ko ciyawa ba ta fitowa. Ta mayar da dutsen yadda yake, ta danna shi da tafin hannu.

"Bar su, Kawu."

Ta koma inuwar aduwa ta zauna, ta kira babban malamin a waya, ta ce kada su wahalar da kansu da tafiya.